Zauren Ces: Laifin buɗi ne ko laifin hannu?

Assalamu alaikum. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa, dukansu daga cikin garin Sakkwato. Ta farko ta zo da takun wasan a rubuce, don haka ita za ta ci mafi yawan filin. Mai allo ya ɗauko shi ya jera 'ya'ya, domin bin taku da ido kawai wahala ce. Ga sababbin shiga: K sarki ne, Q sarauniya, R hasumiya, B bishop, N doki. Soja ba a sa masa harafi, gidan da ya sauka kawai ake rubutawa. Alamar x tana nufin an ci, + kashedi ne ga sarki, O-O kuma sarki ya shige lungu hasumiya ta fito. Ɗigo uku bayan lamba, kamar 7...b6, takun Baƙi ne. Buɗi kuwa shi ne jerin takun farko na wasa.

TAMBAYA: Baba Malam, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗalibin jami'a ne, ina zaune Runjin Sambo. Watan jiya na tafi Kaduna wata gasa wadda ake lissafa makinta a FIDE, hukumar ces ta duniya. Makina 1540. A zagaye na ukku anka haɗa ni da wani mai 1880, shi Fari ni Baƙi, minti 90 kowa da ƙarin daƙiƙa 30 ga kowane taku. Ga yadda munka yi: 1.d4 d5 2.c4 e6 3.Nc3 Nf6 4.Bg5 Be7 5.e3 O-O 6.Nf3 h6 7.Bh4 b6 8.cxd5 Nxd5 9.Bxe7 Qxe7 10.Nxd5 exd5 11.Rc1 Be6 12.Qa4 c5 13.Qa3 Rc8 14.Bb5 a6 15.dxc5 bxc5 16.O-O axb5 17.Qxa8. Daga nan na yi ta fama har taku na 34 na ba shi hannu. Goma sha huɗun farko duk hardace su na yi daga bidiyo, kuma har na ci bishop ɗin ban ɓata minti shida a agogo ba. Abokaina sun ce buɗin ga na tsofaffi ne, in bar shi in koma wani mai zafi. Shin in bar shi? Kuma maki nawa wasan ga zai zubar mini? Ban cika wasa talatin masu maki ba tukuna.
Daga wani ɗalibi, Runjin Sambo.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka aiko da takun yadda suke, ba ka ɓoye na 16 ba. Bari in fara da tambayarka ta biyu, ita ce mai sauƙi.

Tsakaninka da abokin wasanka tazarar maki 340 ce. FIDE tana aiki da lissafin Arpad Elo, malamin fiziks haifaffen Hangari da ya yi rayuwarsa a Amurka, tun 1970. A jadawalinta, mai irin wannan tazara ana sa ran ya samu kashi 12 cikin 100 na makin wasa, babban kuma 88. Tun da ba ka cika wasa 30 ba, da 40 ake ninka maka, 40 sau 0.12 kuwa 4.8 ne. Abin da ka zubar ke nan, bai cika maki biyar ba. Da kun yi kunnen doki da ka ƙaru da 15, da ka ci shi da ka ƙaru da 35. Shi kuwa, in da 20 ake ninka masa kamar yawancin manyan da ba su kai 2400 ba, cin ka ya ƙara masa 2.4 kacal, faɗuwa a hannunka da ta kwashe masa kusan 18. Wanda ya kamata gabansa ya faɗi a teburin nan shi ne, ba kai ba. Ka tuna da wannan duk ranar da ka ga an liƙa sunanka kusa da na babba.

Yanzu ga maganar buɗi. Kada ka bar shi. Abokanka sun yi gaskiya a abu ɗaya, tsoho ne. Reshe ne na Gambit ɗin Sarauniya, inda Fari yake miƙa sojan c4, Baƙi ya ƙi karɓa ya tokare tsakiya da e6 da d5. Wannan tsari na h6 sannan b6 sunan Savielly Tartakower yake ɗauke da shi, wanda ya buga shi da Capablanca a gasar Landan ta 1922. Daga baya 'yan Tarayyar Sobiyet, Makogonov da Bondarevsky, suka ƙara gyara shi, kuma Bondarevsky ɗin nan shi ne ya horar da Boris Spassky har ya zama zakaran duniya a 1969. A shekarun 1980, lokacin da Karpov da Kasparov suke ta gwabzawa a kan kambun duniya, kowannensu ya zauna a bayan baƙaƙen 'ya'ya da wannan buɗi. Abin da irin waɗannan mutane suka dogara da shi ranar da kambu ke kan tebur ba zai gaza ɗan Runjin Sambo a zagaye na uku ba.

Amma kafin mu ci gaba ina so ka amsa wa kanka: me ya sa ka buga 7...b6? Kuma me ya sa a taku na 11 bishop ɗinka ya tafi e6, alhali ka riga ka buɗe masa ƙofar b7? In amsar ita ce "haka na gani a bidiyo", to nan ciwon yake.

Duk mai buga e6 da d5 yana da damuwa guda, bishop ɗinsa na c8 sojojinsa sun rufe masa hanya. Shi b6 ƙofa ce aka buɗe masa. Shi kuwa h6 da aka riga aka buga, ya ba sarki wurin numfashi, ya kuma janye sojan daga h7, inda sarauniya da bishop na Fari suka saba haɗa kai su kawo barazana. Da Fari ya ga b6 sai ya yi maza ya ci a d5, aka yi musaya, sojanka ya dawo ya kafu a d5. Yanzu in bishop ya je b7, ƙeyar sojansa zai yi ta kallo. Shi ya sa ake kai shi e6: yana tsaron d5 daga can, ya kuma bar layin b don sarauniya ko hasumiya. Riƙe maganar layin b ɗin nan, za mu dawo kanta.

Sai 12...c5, wanda shi ne ran buɗin gaba ɗaya. Idan Fari ya ci a c5 ka rama da sojan b, za ka samu sojoji biyu kafaɗa da kafaɗa a c5 da d5, babu soja a layin b, babu a layin e da zai tallafe su. Su ake kira sojojin reto. Muddin suna jere a sahu ɗaya, gidaje huɗu ne a gabansu suke gadi, b4 da c4 da d4 da e4, kuma 'ya'yan Fari ba sa samun wurin zama a tsakiya. Kamar shanun huɗa suke: in suna tafiya kai ɗaya kunya tana miƙewa, in ɗaya ya wuce ɗan'uwansa garma ta karkace. Ranar da ɗaya ya matsa gaba ba da dalili ba, gidan da ke gaban na bayan ya zama masaukin dokin abokin gaba ko bishop ɗinsa, kuma babu sojan da zai iya tashinsa. Duk abin da Fari yake yi tun daga taku na 11, hasumiya a c1, sarauniya a a4 sannan a3, matsin lamba ne a kan sojojin nan har ɗaya ya motsa ko ya faɗi.

Jera allon yadda yake bayan 14.Bb5 ka dubi sarauniyar a3 da kyau. Aiki biyu take yi. Ta karkataccen layi tana kallon c5, a bayan c5 kuma sarauniyarka ce a e7 ba mai tsaron ta, don haka sojan c5 ɗaurarre ne, in ya motsa sarauniya ta tafi. Ta miƙaƙƙen layin a kuma tana kallon sojanka na gefe, a bayansa hasumiyarka ce a a8. Wa ke tsaron hasumiyar nan? Za ka ce 'yar'uwarta ta c8, amma dokinka da bai fito ba yana tsaye a b8 ya raba su. Bishop ɗin ma ya zo b5 ne saboda wannan doki: in ya sauka d7 a cinye shi, sojojin reto su rasa mai tallafa musu.

Saboda haka 14...a6 kurari ne kawai. Sojan ya ce wa bishop tashi, amma ba shi da ikon ci, domin da zarar ya bar layin a hasumiya ta tafi. Abokin wasanka ya san haka, shi ya sa ya bar bishop ɗin a wurin ya ci a c5, ya sake barin sa ya shigar da sarkinsa lungu. Mutum mai maki 1880 ya bar maka bishop a bakin soja taku biyu a jere. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka janye hannu ka ce, me wannan bawan Allah ya gani? Ka ci mai daraja uku ka ba da mai daraja biyar. Wasan bai mutu nan take ba, kana da sojoji uku jere a b5 da c5 da d5, kuma fama har taku na 34 ya nuna ba ka saki jiki ba. Amma a hannun wanda ya fi ka da maki 340, wannan rata ta isa.

Abin da zai sanyaya maka rai shi ne, har zuwa taku na 16 na Fari, sawun zakaran duniya kake takawa. Ranar 23 ga Yuli 1972, a Reykjavik babban birnin Aislan, aka buga wasa na shida na karawar kambun duniya. Bobby Fischer na Amurka yana Fari da maki 2785, Spassky yana Baƙi da 2660. Fischer mutum ne da kusan duk rayuwarsa da 1.e4 yake buɗewa. Ran nan ya tura c4, aka zagaya aka faɗo cikin buɗin nan naka, gida da gida. Spassky ma ya buga 14...a6. Inda kuka rabu shi ne taku na 16: shi ya ga ɗaurin, ya buga 16...Ra7. Hasumiya ta hau sahu na bakwai inda sarauniyar e7 ke tsaron ta, cin bishop ya zama barazana ta gaske, dole Fischer ya janye shi.

Ga yadda aka ci gaba, kuma ina roƙonka ka buga shi a allo sannu a hankali: 17.Be2 Nd7 18.Nd4 Qf8 19.Nxe6 fxe6 20.e4 d4. Dubi 18.Nd4. Doki ya sauka a bakin sojan c5, sojan ba ya iya ci saboda ɗaurin nan dai na sarauniyar a3. Sai Fischer ya ba da dokin nan mai kyau ya karɓi bishop na e6, abin da mutane da yawa za su ɗauka hasara ce, tun da ya ƙara wa sojojin reto ɗan'uwa a e6. Taku na gaba ya nuna dalili. 20.e4 ya daki d5 yana tambayarsa: za ka ci, za ka tsaya, ko za ka wuce? Spassky ya wuce. Masu sharhi sun daɗe suna cewa 20...c4 ko 20...Nf6 sun fi. Da sojan ya wuce d4 sai gidan c4 ya zama kango, kuma Baƙi ba shi da sauran bishop mai bin fararen gidaje da zai yi gardama a kansa.

21.f4 Qe7 22.e5 Rb8 23.Bc4 Kh8 24.Qh3. A kan taku na 24 ɗin nan nake tsayar da yara duk lokacin da muke bitar wasan, in ce su gaya mini yadda aka yi hanyar ta buɗe. Sarauniyar da ta yini a a3 tana ɗaure soja ta ratsa sahu na uku gaba ɗaya, daga bango zuwa bango, ta sauka h3, domin dokin f3 da sojan e3 duk sun riga sun tashi daga hanya. Yaƙi ya tashi daga ɓangaren sarauniya ya koma ƙofar sarki a taku ɗaya, 'ya'yan Spassky kuwa suna can inda aka baro su. Sai 24...Nf8 25.b3 a5 26.f5 exf5 27.Rxf5 Nh7 28.Rcf1, hasumiyoyi biyu sun jeru a layin f. Daga taku na 32 zuwa na 36 zakaran duniya ba shi da abin yi sai ya kai sarauniya e8 ya dawo da ita d8. Sojan d4 da ya wuce gaba, da na c5 da ya bari a baya, babu wanda ya sake motsi har aka tashi. A taku na 38 Fischer ya ba da hasumiya a kan doki a f6, a na 41 Spassky ya miƙa wuya.

'Yan kallo suka tashi da tafi, Spassky ma ya taya su tafa wa wanda ya ci shi. Da wannan wasa Fischer ya shiga gaba a karon farko, 3½ da 2½, ya kuma ƙare karawar da 12½ da 8½. Spassky ya rasu a Fabrairun 2025 yana da shekara 88, kuma har yau in an ambace shi sai an ambaci tafin nan. Ina son yaranmu su san wannan hali kamar yadda suke son sanin takun, musamman masu ture 'ya'ya su tashi ba sallama in an ci su.

To, in Spassky ma ya faɗi a nan, hujjar abokanka ta tsaya ke nan? Ba ta tsaya ba, domin labarin bai ƙare a Reykjavik ba. Efim Geller yana cikin masu taimaka wa Spassky a can, kuma shi kansa an taɓa buga masa 14.Bb5 a 1970. Semyon Furman ne ya buga masa, malamin Karpov. A 1973, a gasar Hilversum ta ƙasar Holan, matashi Jan Timman ya bi sawun Fischer ya ajiye wa Geller bishop a b5. Geller ya amsa da 14...Qb7.

Tsaya ka ƙirga abin da taku ɗayan nan ya yi. Sarauniya ta bar e7, ɗaurin c5 ya kwance. Ta tsaya kusa da a8, hasumiya ta samu mai tsaro. Ta hau layin b, wanda na ce ka riƙe, tana jiran sojan b6 ya kauce ta fuskanci bishop. Abin da ta saki shi ne tsaron c5, kuma da gangan ta sake shi. Timman ya karɓa: 15.dxc5 bxc5 16.Rxc5 Rxc5 17.Qxc5 Na6 18.Bxa6 Qxa6. Fari ya fi da soja ɗaya. Amma dubi sarauniyar a6, tana kallon f1 ta karkataccen layi, kuma doka ta hana sarki ratsa gidan da ake kallo in zai shige lungu. Sarkin Timman ya maƙale a tsakiya, hasumiyarsa tana kwance a h1, ta Geller tana shirin zuwa c8. Ba da jimawa ba sarkin ya fito d2 da ƙafarsa, Geller ya bi shi har ya ci wasan. Tun daga nan 14.Bb5 ya daina ba masu wannan buɗi tsoro. Kuma Fischer kansa ba baƙon wannan dabara ba ne. Shekara goma kafin Reykjavik, a gasar Stockholm ta 1962, yana Baƙi a kan Mario Bertok na Yugoslabiya, ya samu sojojin reto a c5 da d5, ya kai sarauniya b7, ya ci wasan.

Za ka iya hardace 14...Qb7 yau, kuma ka hardace shi. Amma gobe wani zai ajiye bishop ɗin a e2 maimakon b5, ko ya ƙi cin d5 tun a taku na 8, ka sake tsintar kanka a bakin iyakar abin da ka haddace. Shi ya sa jimlar da ta fi damuna a wasiƙarka ita ce ta minti shida. Taku 16, kowanne da ƙarin daƙiƙa 30, minti takwas ke nan aka ƙara maka. Wato lokacin da ka kai hannu ka ci bishop, agogonka yana nuna fiye da minti 90 ɗin da ka fara da su. Ka yi tafiya tun daga Sakkwato, ka bi ta Gusau da Funtuwa da Zariya, ka biya masauki, sannan ka yanke hukuncin wasan a cikin daƙiƙu alhali awa ɗaya da rabi tana ajiye a gefenka. Mu nan ba ma raina hadda, da ita muka tashi. Sai dai a allon ces hannu ba ya sanin an iso ƙarshenta. Ya saba da sauri taku goma sha huɗu, sai ya ci gaba da saurin a na sha biyar da na sha shida, inda ya kamata kai ya karɓi aikin.

Ga abin da nake so ka yi. A gasa ta gaba ka riƙa rubuta lokacin agogo kusa da kowane taku a takardarka, doka ta yarda da wannan. Da zarar abokin wasa ya buga abin da ba ka sani ba, ko ka ji ka iso ƙarshen haddarka, sa hannuwanka a cinya ka ba wurin minti goma cikakku. Bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ka ga inda kowanne yake kallo har ƙarshen layi, ba gidan farko kaɗai ba. Sannan ka nemi naka waɗanda ba su da mai tsaro. A wasan nan biyu ne, sarauniyar e7 da hasumiyar a8, kuma sarauniyarsa ɗaya tana kallon dukansu. Ka tuna a gasa abin da ka taɓa shi za ka motsa, don haka tunanin kafin taɓawa ake yin sa.

Kafin gasar kuma, ka samu ɗaya daga cikin abokan nan naka ku jera allo daga bayan 15...bxc5, ku yi ta bugawa daga nan, yau kai ne mai sojojin reto, gobe kai ne mai matsa musu. Bayan kun gama ku yi gardama a kai da bakinku, sannan a ƙarshe ku tambayi injin Stockfish, manhajar nazarin ces da ke shafin Lichess kyauta. In ka fara da injin zai ba ka amsa, ba zai ba ka dalili ba. Batun buɗi mai zafi kuwa, irin su Sisiliyan, haddarsu ta ninka wannan, kuma kuskure ɗaya a cikinsu sarki yake ci, ba hasumiya ba. Mai saurin hannu ba can ya kamata ya nufa yanzu ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, kuma ni ke kula da ƙungiyar ces ta makarantar. Ɗalibata mafi ƙwazo tana Fari aka yi mata haka: 1.d4 d5 2.c4 e6 3.Nc3 Nf6 4.Bg5 Nbd7 5.cxd5 exd5 6.Nxd5 Nxd5 7.Bxd8 Bb4+ 8.Qd2 Bxd2+ 9.Kxd2 Kxd8. Ta dawo tana kuka tana cewa ai dokin f6 ɗaurarre ne, ni na koya musu haka. Me zan ce mata?
Daga wata malama, Mabera.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki. Ki ce mata abin da kika koya musu daidai ne, saura rabinsa na biyu. Ɗauri iri biyu ne. In sarki ne a bayan ɗa, doka ce ta hana shi motsi, babu gardama. In sarauniya ce a bayansa, lissafi ne kawai ya hana shi, kuma duk ranar da lissafin ya ba da riba zai motsa. A nan Baƙi ya saki sarauniyarsa domin ya ga sarkin Fari ba shi da gidan gudu: d1 sarauniya, e2 soja, f1 bishop, dokin c3 da zai tare ya riga ya tafi. Da bishop ya yi kashedi daga b4, babu abin tarewa sai sarauniya. In ta ƙirga za ta ga sarauniya ta tafi da sarauniya, bishop da bishop, ita ta samu ƙarin soja ɗaya, abokiyar wasanta ta samu doki.

Tsohon tarko ne, ya kama mutane da yawa kafin ita. Abin da ake bugawa a taku na 6 shi ne e3. Ki sa ta gano dalili da kanta: da zarar sojan ya bar e2 sarki ya samu gida, kashedin b4 ya daina aiki, cin d5 ya zama barazana ta gaske, shi ya sa Baƙi yake amsawa da c6. Yarinyar da ta hango cewa doki ɗaurarre ne kuma ta yi ƙarfin halin cin soja saboda haka tana da ido. Ki ƙara mata ɗabi'a ɗaya, kafin ta ci komai ta duba kowane kashedi da za a iya yi wa sarkinta bayan cin.

TAMBAYA: Malam, ni tela ne, ina buga ces da dare in na rufe shago. Zan shiga gasata ta farko mai agogo, an ce wani zagayen ƙarfe uku na rana ake farawa, kuma wasa na iya kai awa huɗu. Yaya zan yi da La'asar?
Daga wani tela, Ƙofar Atiku.

AMSA: Ƙanena, tambayarka ta dace, kuma maganinta yana hannun alƙalin wasa. A tsarin minti 90 da ƙarin daƙiƙa 30, wasan taku 40 yana iya cin awa uku da minti arba'in, don haka lissafinka daidai ne. Dokar FIDE ta hana ɗan wasa fita daga harabar gasa ba da izinin alƙali ba. Harabar kuwa ta haɗa da ɗakin wasa, da bayan gida, da wurin shan ruwa, da duk wani wuri da alƙali ya ware. Saboda haka ka same shi tun kafin zagaye na farko, ku da ke da wannan buƙata ku tafi tare, ku roƙe shi ya ware wurin salla a cikin harabar. Ka shiga da alwalarka. In lokaci ya yi, ka buga takunka, ka danna agogo, ka sanar da alƙali, sannan ka tashi, domin wanda taku yake kansa ba ya barin ɗakin wasa sai da izini. Ba za a tsayar maka da agogo ba. In abokin wasanka ya amsa kafin ka dawo, lokacinka ne zai yi ta tafiya, amma minti goma cikin casa'in ba su ne za su kayar da kai ba.

Kada ka yi magana da kowa a kan wasan a hanya, ko da gaisuwa ce ta ja, kuma kada waya ta kasance a jikinka. Wannan na iya jawo a ba abokin wasanka nasara nan take. In kuma zagayen zai fara daidai lokacin salla, ka tambayi minti nawa aka yarda mutum ya makara, domin in takardar gasar ba ta faɗa ba, dokar tana ɗaukar cewa babu ko minti ɗaya. Masu shirya gasa a garuruwanmu kuma ina roƙon su duba jadawalin salla kafin su buga jadawalin zagaye. Zagayen safe da ƙarfe tara, na yamma bayan an idar da La'asar, tare da wurin da aka ware don Magariba, ya fi sauƙi ga 'yan wasa da alƙalin kansa.